Mun je Dagona neman matsirga, muka dawo da tarihin ruwa

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka wanda datarsa ke gab da ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Waɗanda muka yi tafiyar Dagona tare sun dame ni in rubuta labarin, ni kuma na yi ta jan ƙafa, saboda abin da na dawo da shi daga can ya taɓa gidanmu, kuma ban so in faɗi rabi in bar rabi.

Ni ɗan Kura ne a jihar Kano. Mahaifina manomin rani ne a filayen Kadawa. Kuɗin rajistata ta aji ɗaya da tumatir aka biya, ta aji biyu da shinkafa. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Tun a hutun damina muka so tafiya. Wani yayanmu a makaranta, Babade ɗan asalin garin nan, ya ce mu haƙura. Ya ce a watan Agusta hanyar ƙauyukan fadama sai kwalekwale, sauro zai cinye mu da rai, kuma tsuntsayen da ake zuwa kallo ba su ma iso ba tukuna, suna can ƙasashensu. Sai muka ɗage zuwa hunturu, bayan jarrabawa. Mu 14 muka haɗa kuɗi, muka nemi izini wurin ma'aikatan gandun dajin tunda wurin yana ƙarƙashin kulawar gwamnati, muka ɗauki shatar wata a-kori-kura, muka loda tabarmi da tanti biyu na aro da tukunya da buhunan ruwan leda. Daga Gashuwa muka kama titin Nguru, can gaba muka sauka daga kwalta, daga nan kuma sai yashi da ƙura.

A cikin motar ne abokina ɗan Kafanchan ya tambayi direba ko akwai matsirga a wurin. Shi a saninsa, in an ce za a je yawon buɗe ido bakin ruwa, to akwai dutse, akwai ruwa mai faɗowa da rugugi kamar Matsirga ta garinsu ko Gurara ta jihar Neja, mutum ya tsaya a ƙasa a ɗauke shi hoto. Direba ya yi dariya har sai da ya rage gudu. Ya ce, "Samari, a ƙasar nan ko tulu ka kifar, sai ruwan ya tsaya ya yi shawarar inda zai bi." Muka kwashe da dariya. Sai daga baya na gane cewa tarihin yankin nan gaba ɗaya yana cikin wannan magana ta direba.

Mun isa da la'asar sakaliya. Dagona ƙaramin ƙauye ne: gidajen ƙasa, dangar zana, mata na saƙar tabarmar kaba a inuwa, yara na bin motarmu da gudu. Muka fara zuwa gaida mai gari, sannan ma'aikacin da aka haɗa mu da shi ya nuna mana inda za mu kafa tanti. Tafkin kansa tsohuwar lanƙwasar kogi ce. Kogin ya canja hanya ya bar ta, ambaliyar damina ke cika ta kowace shekara, rani kuma ya riƙa shanye ta a hankali. Gefensa bagaruwa ce da giyayya da goruba. Abin da ya sa muka yi tsit kuwa tsuntsaye ne. Kirinjijiya tana ta fito, dinya na kiwo a bakin gaɓa, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Ga kuma wasu ƙananan agwagi da 'yan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ma'aikacin ya ce baƙi ne. Daga Turai da Rasha suke tasowa in sanyi ya kama can, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a nan. Wajen watan Maris su juya gida.

To me ya kawo ruwa haka a wurin da in ka yi arewa kaɗan sai tudun yashi da iyakar Nijar?

Ruwan da ke ciyar da fadamar nan ba a nan akasarinsa ya sauka ba. Koguna biyu ne ke kawo shi. Na farko kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa. Na biyu kogin Jama'are, wanda ke gangarowa daga duwatsun Filato ya ratsa ƙasar Bauchi. Muddin suna kan ƙasa mai dutse, gudu suke yi. Da zarar sun wuce Haɗeja da Katagum sai su faɗo cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayi, wato dogayen tuddan yashi da iska ta jera tun wani zamani mai tsananin fari, dubban shekaru da suka wuce. Jigayin nan su ke tare ruwan su raba shi rassa-rassa, ya bazu ya zama fadamu da tafkuna da kududdufai. Wani reshe, Marma, ya nufi arewa ya zuba a tafkin Nguru. Sauran su lallaɓa su haɗu kafin Gashuwa, su zama kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu. Shi ne wanda muke tsallakawa a gadar garin nan. Daga nan ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar ta wajen Diffa, ya ƙare a tafkin Chadi. Ka ga ke nan abokina bai yi kuskure ƙwarai ba. Ruwan yana gangarowa daga kan duwatsu, amma can ɗaruruwan kilomitoci a baya. Kafin ya iso nan ya gaji da gudu.

Inda ruwa ya kwanta a bakin hamada, nan mutane ke taruwa, nan kuma sarauta ke kafuwa. A ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu, babban birnin daular Borno, a kusa da wannan kogi, gabas da Gaidam ta yau. Birnin ya yi fiye da shekara 300 yana mulki kafin ya faɗi a 1808 a yaƙe-yaƙen jihadi. Nguru kuwa ita ce mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daular, wanda ke fuskantar ƙasar Hausa. Duk wanda ya riƙe wannan yanki ya riƙe hatsi da kifi da makiyaya da hanyar fatake.

Su kuma Badawa, masu ƙasar da muke karatu a cikinta, sun daɗe a cikin fadamun nan tun kafin jihadi. Sun zauna tsakanin manyan ƙarfi biyu: Borno ta gabas tana neman gandu, Haɗeja ta yamma tana kawo hari bayan ta shiga hannun masu jihadi. Wajen 1825 Lawan Babuje ya haɗa kan garuruwan Bade, ya gina Gogaram ya kewaye ta da ganuwa, ya daina biyan gandu. Ɗansa Mai Alhaji, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1893, ya kare garin daga hare-haren ɓangarorin biyu. Ku duba taswira ku ga inda Gogaram take: tsakiyar rassan kogi da kurmi. Dawakin yaƙi ba sa son laka, kuma rundunar da ba ta san mashigai ba takan sha wuya kafin ta kai ga ganuwa. Sai a zamanin Mai Duna mayaƙan Rabe, waɗanda suka rusa Borno a 1893, suka ci garin. Da Turawa suka zo a 1902 suka amince da Mai Sale a matsayin sarkin Bade mai cin gashin kansa, a 1946 kuma aka dawo da fadar Gashuwa. Har yau a Gogaram ake bikin kamun kifi na Bade.

Wani abu da ya ba ni kunya: shekara biyu ina zaune a Gashuwa, ina jin Badanci a kasuwa ina ɗaukarsa wani baƙon yare mai nisa. Ashe ɗan'uwan Hausa ne na jini, shi da Ngizimanci da Duwai, duk reshe ɗaya na harsunan Chadi. A Dagona na sa yara su ƙirga mini, da suka zo kan huɗu na ji kalmar kamar daga bakin kakata. Farfesa Russell Schuh, Ba'amurken da malaman Hausa ke kira Malam Takalmi, a garin nan ya zauna a shekarun 1970 yana nazarin waɗannan harsuna. Mu da muke kwana muna tashi a cikinsu, gaisuwa ma ba mu koya ba.

Zamanin Turawa ya ƙara wa yankin wata daraja. A 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru, nan kuma ya tsaya. Sai Nguru ta zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama da bandar kifi, daga Borno da Damagaram da Mangari, ana lodawa zuwa Kano da Legas. Hausawa 'yan kasuwa, Yarbawa, Inyamurai, har da Larabawa suka cika garin. Shi ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa a ƙasar da asalinta ta Mangawa da Badawa ce.

Wannan duk na littafi ne, wasu na sani kafin tafiyar, wasu na bincika bayan mun dawo. Abin da ban samu a littafi ba shi ne hirar da muka yi da daddare.

Bayan isha'i sanyi ya sauko, irin sanyin bakin ruwa mai shiga ƙashi. Muka hura wuta. Wani dattijo daga cikin gari, tsohon masunci, ya zo ya zauna tare da mu, muka zuba masa shayi. Muka ce, "Baba, ba mu labarin da." Ya ce a ƙuruciyarsa shekara tana da tsari kamar sallah biyar. Ruwan kogi ya iso cikin damina, ya hau fadama ya shafe ta, shinkafar da aka shuka tun farkon ruwan sama ta riƙa tashi tare da shi. Kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Da kaka ruwa ya fara janyewa, sai a tare mashigai a kama tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi, maza su hau manyan gora su kwanta a kai suna yawo da koma a hannu. Inda ruwa ya bari da danshi a shuka wake. In an girbe, Fulani su sauko da shanu su ci harawa da ɗanyar ciyawa, su bar taki. Da bazara kogi ya ƙafe ƙaf, har a haƙa yashinsa a ɗebi ruwan sha. Fili ɗaya, in ji shi, yakan ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa.

Sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar garin kowa. Da ya zo kaina na ce Kura. Ya dube ni ta cikin hayaƙi, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, ashe ku ne kuka riƙe mana makullin ruwa." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma wallahi ba ta kai ciki ba.

Ga abin da yake nufi. A farkon shekarun 1970 an yi mummunan fari a duk yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ƙaura. A daidai lokacin gwamnatin jihar Kano ƙarƙashin Audu Baƙo tana gina madatsun ruwa, babbarsu ita ce Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga aka ja kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan nan ne ya mai da ƙasarmu ta tumatir da alkama da shinkafa, kuma daga kogunan nan birnin Kano ke shan ruwan famfo. A 1992 aka kammala madatsar Chalawa a ƙasar Ƙaraye, aka kuma yi wani shingen ruwa kusa da Haɗeja don noman rani a can. Ba wanda ya yi wannan da mugunta. Mutanen da suka ga yunwar 1973 da idonsu suna da hujjar cewa a tare ruwa a ajiye. Amma lissafin ya tsaya a kan iyakar jiha, shi kuwa kogi bai san iyaka ba. Daga Tiga zuwa Gashuwa ya fi kilomita 300, kuma duk tsawon nan akwai masu jiran ruwan.

Abu biyu suka faru. Na farko, ambaliyar damina ta ragu, domin madatsa aikinta ke nan: ta kama ruwan Agusta ta riƙe. Fari ma ya taimaka, musamman na 1983 da 1984, don haka ba adalci ba ne a ɗora wa madatsu komai. Masu binciken da suka auna fadamar ta hotunan sama sun nuna cewa a 1969 da 1974 ruwa ya rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Duk inda ruwa ya daina kaiwa, shinkafa ta tafi, kifi ya tafi, rijiyoyi suka ƙara zurfi tunda ambaliyar ce ke ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Makiyayi da manomi da a da suke karɓa-karɓa a fili ɗaya, suka koma neman ɗan abin da ya rage a lokaci ɗaya. Kun san abin da ke biyo bayan haka.

Na biyun ya fi ban mamaki, kuma shi ne ban taɓa tunaninsa ba. Kogin da ya saba ƙafewa da rani ya daina ƙafewa a wasu rassan, saboda ana sako ruwa daga madatsu duk shekara. Ka ce ai wannan alheri ne. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai ciyawar nan kachala, doguwa, wadda ta fi mutum tsayi. A da bushewar rani ke kashe ta, ƙarfin ambaliya kuma ya share laka daga hanyoyin ruwa. Da ruwa ya zama na kullum kuma marar ƙarfi, sai laka ta kwanta, kachala ta kafu a kai, saiwarta ta ƙara kama laka. A hankali ta toshe tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, waɗanda ke kawo ruwa wajen Gashuwa. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata Marma da tafkin Nguru, ya cinye gonaki da makiyaya, ya tashi ƙauyuka, har ya lalata hanyar Nguru zuwa Haɗeja. Wato a fadama ɗaya, wasu na kukan ruwa ya yi yawa ba ya tafiya, wasu na kukan bai zo ba. Kachalar kuma ta zama gidan jan-baki, tsuntsayen nan masu sauka kamar hadari su share gonar shinkafa ko gero kafin azahar. Ga sauro, ga katantanwar da ke ɗauke da tsargiya.

Shi ya sa yau yawancin ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa na Jama'are ne, kogin da har yanzu ba a datse shi da babbar madatsa ba. An fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa a jihar Bauchi shekaru da dama da suka wuce, aikin ya tsaya, kuma duk lokacin da aka ta da maganar sai jayayya ta tashi: Bauchi na son noman rani kamar yadda Kano ta samu, Yobe da Borno na tsoron a rufe musu ƙofar da ta rage. In kun ji 'yan siyasa na wannan muhawara, to asalinta ke nan.

A nan ne tsuntsaye suka shigo tarihin. Turawa sun lura cewa tsuntsayen da suke ƙirgawa a ƙasashensu da bazara, rayuwarsu ta dogara da wasu 'yan fadamu a kudancin Sahara, wannan na cikin manyansu. A 1987 aka fara shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru tare da ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar WWF, ya zo Dagona da kansa. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Yobe, aka kafa gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi, Dagona ta faɗa cikin sashensa na Bade da Nguru. A 2000 tafkin Nguru da reshen Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar kare fadamu ta duniya da aka ƙulla a Iran a 1971. Tafkin Dagona ya bi baya a 2008.

Na tambayi dattijon yadda suka ji da wannan. Ya yi shiru kaɗan. Ya ce suna alfahari, sunan ƙauyensu ya je inda ƙafarsu ba ta je ba. Amma doka ta hana su su da farauta a tafkin da kakanninsu suka ci daga gare shi, kuma yakan yi mamaki yadda aka zo daga Ingila saboda agwagwa, ba a zo saboda masunci ba. Ma'aikacin gandun yana zaune yana ji, bai musa ba. Ya dai ce in ba don dokar ba, da yanzu ko gashin tsuntsu ba za mu gani ba, ya kawo misalin gauraka, wadda a da take yawo a fadamun Arewa garke-garke, yau kuwa da wuya ka ga ko ɗaya a Najeriya. Na saurari su biyun, kuma har yanzu ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba.

Amma shirin tsuntsayen ya haifar da wani abu da ya amfani masunci. A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka yi lissafin abin da fadamar ke samarwa: amfanin gona, kifi, itacen wuta. Suka kwatanta da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke samarwa. Sakamakon ya nuna cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba, alhali ba su ma saka kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. Wannan bincike ya yi suna a duniya, ana koyar da shi a darussan tattalin arzikin muhalli. A kan ƙasar da muke takawa aka yi shi, amma ni sai da na kwana a Dagona na dawo na neme shi. Dalilin da ya sa ba a ganin arzikin fadama shi ne a warwatse yake: kwandon kifi nan, damin kaba can, buhun wake, ƙwaryar nono. Ba ya zuwa a tirela ɗaya da za a ɗauka hoto a kai wa gwamna.

Bari in gyara wani kuskure da na ji a bakin ɗalibai da yawa, har da ni a da. Ba Tiga ce ta ƙafar da tafkin Chadi ba. Tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, amma mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Lagon yake zuwa, ta Chadi da Kamaru. Abin da kogin Yobe ke kai masa kaɗan ne. Illar madatsunmu a kan mutanen hanya take, daga Haɗeja zuwa Guri da Nguru da Gashuwa da Gaidam, har da 'yan uwanmu masu noman tattasai a Diffa. Wannan ma ya isa abin damuwa, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

An yi ƙoƙarin gyara. A 2006 jihohi shida da kogunan suka shafa, Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka yi taro a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, aka kafa asusun kula da wannan kwari. Ƙauyuka da kansu sun sha fita aikin gayya da lauje da adda suna yanke kachala don buɗe hanyar ruwa. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sako ruwa daga Tiga da Chalawa da yawa a lokaci ɗaya cikin damina, ya yi kama da ambaliyar da, sannan a rage sakin da rani don hanyoyi su bushe. Faɗa da baki yana da sauƙi. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa da nan Gashuwa ya san cewa ruwan da ya tarar da hanyarsa a toshe, gidajen mutane yake shiga.

Da muka dawo na kira mahaifina. Na ba shi labarin dattijon da maganar makulli. Na zaci zai ji haushi. Sai ya yi shiru, ya ce shi tunda yake bai taɓa tambayar inda ruwan ke zuwa bayan ya wuce gonarsa ba. Ruwa ya zo a kanal, ya biya kuɗin ruwa, ya buɗe wa kwaminsa, shi ke nan. Sannan ya ce wani abu da ya sa na zauna. Ya ce ai kachalar nan su ma ta addabe su, ta cika magudanai, kuma jan-baki bara sai da suka kwana uku suna kaɗa gwangwani a gona. Ya ƙara da cewa sau nawa yake ganin an bar ruwa na kwarara dare guda a inda kanal ya fashe, ba mai ko waiwaye, don kowa na ganin ruwan banza ne. Ya ce, "In ka koma ka gaida min shi. Ka ce masa makullin ba a hannuna yake ba, amma ƙofar gonata a hannuna take."

Ban ce a fasa Tiga ba. Ba zan iya cewa haka ba, da ruwanta aka saya mini littafi. Abin da nake cewa shi ne mu ɗaliban Arewa muna zaune aji ɗaya, ɗan Kura da ɗan Guri da ɗan Jakusko da ɗan Ningi, muna faɗa a kan ƙwallon Turai, ba mu san cewa kogi ɗaya ne ya biya mana kuɗin makaranta ba, kuma rabon da aka yi masa kafin a haife mu ya ba wani ya hana wani. Jami'ar nan an kafa ta a 2013 a bakin ɗaya daga cikin fadamun da aka fi yin bincike a kansu a Afirka ta Yamma. Duk shekara muna kwafo kundin kammala karatu a kan batutuwan da ba su shafi kowa ba. Ga tarihin Gogaram a bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ga sunayen kifi da na mashigai a Badanci. Ga tambayar ko kachala za ta iya zama gawayi ko abincin dabba ko iskar girki, abin da wasu masu bincike suka riga suka fara gwadawa. Ga dokar rabon ruwa tsakanin jihohi ga masu karatun shari'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu ne masu ɗakin.

Ga wanda ke son zuwa: ku je tsakanin Disamba da Fabrairu. Ku nemi izini tun daga gari, ku fara da gaida mai gari, ku riƙe wa dattawa goro ko sukari. Ku ɗauki bargo mai kauri da gidan sauro. Kada ku shiga ruwan wanka, saboda tsargiya. Kada ku kunna waƙa a bakin tafki, kuma ku kwaso ledojinku ku dawo da su. In akwai mai madubin hangen nesa a sashenku, ku roƙe shi aro.

Da asubar ranar da za mu taso, bayan mun yi sallah, wani abu ya firgita tsuntsayen, suka tashi gaba ɗaya daga kan ruwa. Ƙarar fukafukansu ta cika wurin, har ɗan Kafanchan ya juyo ya ce mini wannan rugugin ya yi kama da na gida. Bai samu hoton kirki ba, hazo ya hana. Mun yi alkawari da shi da yayanmu Babade cewa hutu mai zuwa zan kai su Tiga su ga inda aka tare ruwan, su kwana a gidanmu, su ci shinkafar Kura. Saƙon mahaifina kuma yana nan a wuyana, sai na koma Dagona na isar.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka.